Garmar Baffa

Ranar da ruwan farko ya sauka, tsohuwar taraktar Baffa, mahaifina, ta ƙi ɗaga garma da ƙarfi. In ya ja hannun haidirolik, na'urar da ke ɗaga garmar, sai garmar ta taso a hankali tana karkarwa. Ga masu gonaki daga bayan Takur sun tsaya a gindin maina suna jiran a yi musu huɗa.

Ni aka aika in kai masa fura. Na tarar ya zaro sandar awon mai, yana murza man da yatsunsa. Man ya yi fari kamar nono, yana ƙaurin ƙonannen ƙarfe.

Ya ce, "Ruwa ya shiga."

Wani manomi ya ce, "Malam, ka ba ta wuta kawai mana!"

Baffa ya girgiza kai. "Ba ƙiwuya take yi ba, ciwo ne. Mai ciwo kuwa ba a yi masa tsawa."

Ya juye man, ya zauna yana wanke matacin man da kananzir.

Yanzu ɓarin jikin Baffa ya shanye. Kullum in na miƙa masa kofi, kamar garmar nan hannunsa yake tasowa, yana karkarwa. Jira nake yi, ƙaurin nan yana dawo mini.