Ƙofofi Takwas da Shuɗiyar Waya

Tunda ka ce aikin haɗa kwamfutoci za ka kama, zauna ka ji labarin wani ma'aikaci. Shi ke kula da wata cibiya inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa ta kwamfuta, kuma sharaɗin lasisinta ɗaya ne: kada layi ya yanke ana tsakiyar jarrabawa. Mutumin nan ba ya iya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Tsoronsa duk na ɓarayin intanet ne, waɗanda bai taɓa gani ba. Ya sauya kalmar sirri sau uku a mako guda, ya sa wa ɗakin na'urori kwaɗo biyu, ko abinci yake ci sai ya tashi ya je ya jijjiga su. Amma a jikin suwic, akwatin da duk wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa, akwai ƙofofi takwas da ba mai amfani da su, kowacce da soket ɗinta a bangon zauren jarrabawa. Rufe su aikin minti biyu ne, kullum sai ya ce gobe. Har tsarin da ke hana saƙo zagaye ya kashe, wai yana jinkirta kwamfuta rabin minti, shi kuwa ba shi da wannan haƙurin.

Ran jarrabawa da safe, dattijuwar da ke goge zauren ta ga wata shuɗiyar waya, kai ɗaya a soket, ɗayan yana jan ƙasa. Don kada ruwa ya taɓa kayan mutane, ta ɗauka ta cusa a soket na kusa, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan. Shi ke nan, saƙo ya riƙa fita ta ƙofa ɗaya yana dawowa ta ɗaya, yana hayayyafa, har ya toshe hanya. Ɗalibai ɗari biyu na zaune, komai ya tsaya cik. Gogan naka ya dinga safa da marwa tsakanin zaure da ɗakinsa, gumi sharkaf, yana rantsuwa daga waje aka kawo masa hari. Ya sake sauya kalmar sirri. Sau huɗu ya wuce ta gefen wayar nan, har ƙafar wandonsa na shafar ta. Da azahar aka sallami ɗalibai, wasu na kuka, jami'in sa ido na hukumar jarrabawa ya rubuta a janye lasisin cibiyar ya tafi.

Yana zaune a ƙasa ya yi tagumi, sai ga dattijuwar ta dawo da tsintsiyarta, tana nuna bango. Ta ce, "Ɗan nan, ka ga na gyara maka wayarka? Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba."

To, ka ji. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.