Ranar da Sallau Ya Harbe Ni

Kun san tun da aka ce soja sai ya koyi yaƙi cikin jama'a, kasuwarmu ta Laraba ta koma filin horo. Harsashinsu ba ya kisa, amma wallahi zafinsa na gaske ne.

Sau biyu jikana Sallau, kurtun soja, yana faɗuwa jarrabawar horon, don da ya ga babba sai ya durƙusa gaisuwa, a bindige shi a nan. In ya ƙara, kora ce.

Rannan ni aka ɗaura wa bam ɗin ƙarya ƙarƙashin mayafi. Hayaƙi ya turnuƙe, rumfuna na ci da wuta, mahauci na birgima yana kiran uwarsa. Sai ga Sallau gabana, ya auna ni da bindiga.

Na ce, "Angona, matar taka za ka harba?"

"Kaka, ɗaga hannu!"

"Na ƙi, ragon banza."

Ban rufe baki ba na ji kamar an tsaga ƙirjina da gatari, na kife kan ƙosaina.

Sajensu ya ce, "Wannan ya ci."

Na so in rangaɗa guɗa, numfashi ya ƙi. Shi kuwa Sallau ya tsallake ni, yana neman na gaba.