Ranar da Lado Ya Yi Kyautar Rake

Tun daga tashar Makarfi Lado ya fara rabon rake. Dillalin rake ne da ko ɓawo ba ya bayarwa kyauta, amma yau ya sa aka ɗora masa dami guda a mota, duk wanda suka haɗa ido sai ya miƙa masa kara. Direba ya samu, mai shayi ya samu, har wata tsohuwa da ba ta da haƙori.

"Likita ya ce babu saura!" yake ta faɗa. "Wallahi ko ɗigo!"

Matarsa Ummuhani, malamar firamare a Ikara, tana gefensa rungume da jakar takardun asibiti, dariya ta hana ta magana.

Shekara biyu baya ta yanki ƙarin inshora ta hannun ƙungiyar malamai, don an ce ta gama-gari ba ta ɗaukar duk maganin ciwon daji. Ta sa sunanta, ta sa na mutanen gidanta. Lado ya yi mata tsiya har ya gaji. "Malama, gayyatar ciwo kike yi da biro?"

Da damina ta zagayo, wani ya hango takarda a ofishin ƙungiyar: sunan Ummuhani a sama, a ƙasa an rubuta sankarar mama. Kafin la'asar Ikara ta ɗauka. Mata suka yi ta zuwa da kunu da addu'a. Ummuhani ta karɓa, ta gode, ba ta ƙara komai ba.

Lado kuwa ya sha yabo. Bai taɓa fashin zuwa asibitin Zariya ba, duk sati uku. Ya rame, aka ce don damuwa ne. Ya daina kai rake kasuwar Kudan. Hularsa ma sai da ta yi masa yawa. Mata suka riƙa yi wa mazajensu gori da shi.

Inshorar ta ɗauki aikin tiyata, ta ɗauki allurai, ba a sayar da gona ba.

Motar na tsayawa a ƙofar gida guɗa ta tashi. Suwaiba maƙwabciyarsu ta rungume Ummuhani tana kuka tana dariya. "Sannu, Malama! Ko alama ba ki nuna ba, jaruma!" Lado ya shiga tsakiyar mata yana taka rawa ba kiɗa, hannu ɗaya a sama, har takalminsa ya fice.

Da aka watse, Ummuhani ta tura ƙyaure, ta ɗauko man shafawa.

"Baban Wasila, rawa ta isa haka. Zauna."

Ya zauna yana haki, har yanzu yana ƙyalƙyala dariya. Ta taya shi cire riga, sannan ta shiga shafa mai a hankali kan dogon tabon da ke ƙirjinsa, wurin da likitoci suka cire masa nonon hagu.