Shafin Lallen Saude

"Yaya Dalhatu, kai ka ce lambarka za a sa, ga shi ka bar ni da aiki." A zuci Lukmanu ya faɗa, yana tsugune a tsakar gida da wayar Saude a hannunsa.

Saude, matar yayan nasa, tana zaune kan tabarma ta shanya hannuwa biyu a iska. Tun hantsi take zana wa kanta lalle, ta gama na hagu, maƙwabciya ta cika mata na dama. Reshe ne ya taso daga wuyan hannu, ya yi ta rarrafe yana fitar da ganye har kan farce. Bai bushe ba tukuna, ko ƙuda ba ta iya korewa.

"Malam Boko, ka tsaya kallon waya kamar ka ga jarrabawar da ta koro ka," in ji ta. "Buɗe min shafina."

Da a da ne, da ya rama. Yau murmushi kawai ya ƙaƙaro.

Bana tumatir ya karya gidan. Duk fadamar Bunkure ta nuna a lokaci guda, kwanduna suka yi ta ruɓewa a bakin kanal ɗin ban ruwa, har shanun makiyaya suka ƙoshi suka daina waiwaye. Abin da ya rage Dalhatu ya loda a babbar mota, ya bi shi da kansa zuwa Legas ko a dace da kasuwa. Abin dogaro ɗaya da ya saura shi ne hannun Saude. Akwai biki a Kura, uwar amarya ta ce in ba ta ga aikinta a Instagram kafin magariba ba, daga Kano za ta ɗauko mai lalle.

Lukmanu ya rubuta sunan da ta zaɓa, Lallen Saude Bunkure. Ya mayar da shafin na kasuwanci. Aka tambayi irin sana'a, ya yi ta laluben Turancin har ya gano kwalliya.

"Ɗan nan, idonka fa ya yi ja," in ji Iya, mahaifiyarsu, daga ƙofar ɗaki. Tun da hawan jini ya kayar da ita bara, a nan take wuni. "Ga dambu can ka ƙi taɓawa."

"Feshi na yi jiya, Iya. Maganin ne ya shigar min."

Sai aka zo kan lambar waya. Sharaɗin Dalhatu ke nan tun ranar da ya yarda da maganar: tasa za a sa, ba zai bari wasu ƙarti su riƙa kiran matarsa da sunan ciniki ba. Lukmanu ya danna lambar da ka. Wayar ta nuna za a aika wasu alƙaluma zuwa layin, sai an shigar da su shafi zai tsaya.

"To kira shi ya karanto maka mana," in ji Saude. "Ka sa a sifika in ji muryarsa. Tun shekaranjiya da ya ce sun wuce Mokwa, shiru."

"Nan ba sabis. Bari in hau bakin kanal."

"Yaushe sabis ya gudu daga gidan nan?"

Ya yi wuf ya fice.

Ruwan kanal ya ja baya, sai kore-kore da ɓawon tumatir suna tafiya a hankali. Dalhatu ne ya koya masa iyo a nan, yana tallafe da cikinsa yana cewa ba zan sake ka ba. Lukmanu ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya danna a aika.

Da ya dawo, shafi ya buɗe.

"Me ya ce?" in ji Saude. "Ya sayar? Yaushe zai taso?"

"Alƙaluman kawai na samu."

"Yayanka ke nan. Magana kamar da kuɗi yake saye." Ta yi dariya. "Zo ka ɗauki hoton tun rana ba ta juya ba."

Ta jera hannuwan kan farin mayafi. Tun da safe ta sa kwalli, ta sa awarwaro, ƙamshin humra yana tashi daga jikinta. Ya ɗauka, hoton ya fito dishi-dishi. Ya sake, haka. Sai da ya dafe gwiwar hannunsa a kan turmi sannan ya samu mai kyau. Ya ɗora shi. Shafin bai da mabiyi ko ɗaya, hannuwa biyu ne kawai a buɗe, suna jira.

"Kafin uwar amarya, tura masa," in ji Saude, ta sunkuyar da kai saboda Iya. "Shi zai fara gani."

"Bari sai anjima."

"Yanzu dai, mijina na biyu. Ko kishi kake?"

Iya ta yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Idanu huɗu suna kansa. Ya danna.

A aljihun wandonsa wayar Dalhatu ta yi gurnani a jikin cinyarsa, wayar nan mai tsagaggen gilashi da wani direba ya damƙa masa da safe a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, yana ba shi labarin motar da ta kife bayan Mokwa da mutanen gari da suka yi wa mamatan sutura. Tun shekaranjiya takaba ta hau kan Saude, ga ta nan tana hura lallenta ya bushe, shi kuwa har yanzu bai faɗa wa kowa ba.