Mutum na Biyar

Kafin Noreen Kowalchuk ta ajiye wayar a kan teburi, sai da ta manna farar takarda a kan sunan jaridar. Haka ake yi in za a ba mutane manhaja su gwada. Mutanen garin nan in suka ga sunan jaridarsu, kunya ba ta barinsu faɗin gaskiya, sai ka ji "ai ya yi kyau" ko da sun ɓata a ciki.

Wata biyu ke nan da ɗaukarta aiki, na gwaji kuma. Ran Litinin manhajar jaridar za ta fita, ita kuwa ta san akwai gyara. Ba ita ta tsara ba. Mai jaridar ne, da ya gudu Florida saboda sanyi tun kafin ta zo, ya aiko da zane ta gidan waya, da koren biro, a ƙasa ga sa hannu mai jela kamar ta ɓera. Ya cusa sanarwar rasuwa a bayan hoton wata 'yar fitila, ya ware wa sharhinsa rabin shafin farko. Sharhin ma bai iso ba, da rubutun wofi ta cike gurbin.

Editarta, Bernadette, ta ce babu mai musu da zanen nan. In masu karatu suka yi ƙorafi kuwa, sabuwar ma'aikaciya za a kalla. Sai dai in ta naɗo muryar mutum biyar suna gwada manhajar, watakila a saurare ta.

Shi ya kawo ta shagon kofin Gus da safiyar Asabar, rungume da kwalin donat. Minti biyar, donat ɗaya. Huɗu sun gwada, duk sun ɓata, amma cikin ladabi. Wata nas har haƙuri ta ba wayar. Wannan ba zai girgiza kowa ba.

Na biyar tsoho ne, fuskarsa ta sha rana alhali ƙanƙara ce ke zuba a waje. Bai buɗe baki ba Gus ya dire masa kofi. Ya ce shi jarida ta takarda ya sani, ba ya taɓa irin waɗannan, amma donat ba ta yi masa laifin komai ba. Ta nemi izinin naɗar murya, ya ce ta naɗa da kyau.

Ta ce ya nemo mata waɗanda suka rasu a makon nan. Ya danna nan, ya danna can, ya dawo inda ya taso har sau uku. Ƙa'idar aikin ba a taimako, ba a bayani, don haka Noreen ta naɗe hannuwanta.

"'Yata, wannan fitilar fa? Mamaci ake nema ko wuta aka ɗauke?"

"Kai me ka gani, Baba?"

Ya dubi farar takardar, ya yi wata dariyar mugunta. "Na gane. Na jaridar tsallaken kogi ne, ko? Shekara talatin ina faɗa, mutanen nan ba su san aiki ba."

Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Gus na can yana goge wuri ɗaya a kan kantar shagon, kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Daga nan tsoho ya saki baki. Ya tambayi wane mai ji da kai ne ya ba kansa rabin shafi ya tura matattun gari lungu. Ya matso da bakinsa kusa da na'urar, ya ce duk wanda ya zana wannan a ƙwace masa biro, kuma a kai masa muryar nan ya ji da kunnensa.

Noreen ta yi alkawarin kaiwa. Ta miƙa masa takardar amincewa ya sa hannu, sai bironta ya ƙi rubutu don sanyi.

"Bar shi, ina da nawa," in ji shi, yana lasar sukari a yatsa.

Ya zaro shi daga aljihun gaba, ya rattaba sunansa da koren tawada, ya ja masa jela kamar ta ɓera.