Ƙashin Ɓauna

Tun da injina suka koma yin nama, doka ta ce duk dabbar da ba a cin ta ba ta da filin kiwo. Garken ɓauna na ƙarshe yana fadamar garin su Gwaggo Tasalla. Kowace shekara sai an yanka ɗaya an ci a gaban jami'i, in ba haka ba a kwashe garken.

Bana mutanen gari suka noƙe, wai ƙyama suke ji. Gwaggo ta dafa farfesun da kanta, ta dire kwanon gaban Sagiru, ɗan ƙanenta, magidanci har da furfura.

"Ci, don Allah. Jami'i na kallo."

Ya runtse ido ya kai loma. Can ya daina tauna, ya zaro wani abu fari daga bakinsa, yana jujjuya shi.

"Gwaggo, wa ya jefa dutse a ciki?"

Daga fadama ana jiyo kukan garken, suna neman wadda babu.

"Ƙashi ne," ta ce. "Da shi ɓaunar take tsayuwa. Cinye."