Cizon Sauro

Ranar Talata ce, an wayi gari da yayyafi. Baba yana zaune a bakin gado a ɗakin duba masu karaya, ya ɗora hannunsa na dama a kan matashi kamar mai ajiye ƙwai.

Santsin banɗaki ne ya kayar da shi, wuyan hannun ya karye. Aka huda ƙashin da inji, aka zura siraran wayoyin ƙarfe biyu suka riƙe shi, aka lanƙwasa kawunansu a waje bisa fata. Ƙashi ya ɗoru tuni. Saura a zare wayoyin, shi kuwa sau biyu ana sa masa rana yana ƙirƙiro uzuri. Yanzu bakin hudar ya yi ja, ya fara tsattsafo da ruwa. In ciwo ya gangara cikin ƙashi, hannun ya tashi aiki, kuma da shi yake neman abinci. Ya san haka sarai. Matarsa ce ta taso shi a gaba har nan, ta zauna a kujerar kusa da ƙofa don kada ya sulale.

Abin da ya ba ta dariya shi ne, mutumin da ya tsufa yana aiki da injin huda da guduma da zarto, wai yau filaya yake tsoro.

Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila. Baba ya miƙa wuya ya daɗe yana kallo, ita kuma ta tsaya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ya ce ba laifi, sai dai wayar ƙasa ta ɗan karkace. Nas ta sunkuyar da kai tana jera auduga.

Ya nemi allurar kashe zafi. Likitar ta ce ba a yi wa wannan allura, ai allurar ma ta fi zarewar ciwo. Ya nemi a bari sai mako mai zuwa. Matarsa ta ce, "Malam, ka ji kunya mana. Jikanka ma da aka cire masa haƙori bai yi wannan ba."

Likitar ta goge wurin, ta kama kan waya da filaya. "Baba, ba zafi. Kamar cizon sauro ne."

"An taɓa zare miki?"

"A'a. Haka malaminmu ya koya mana mu faɗa."

Ta murɗa, ta ja. Baba ya ji abin tun daga tsakiyar ƙashi har cikin haƙoransa na ƙasa. Ƙafarsa ta harbi bokitin shara, ya kife. Kafin ya gama salati ta zare ta biyun, ta jefa a faranti. Wayoyin ba su wuce tsinken tsintsiya ba.

Ya daɗe yana haki, gumi na bin gemunsa. Sannan ya ce, "Malamin naku maƙaryaci ne. Bai taɓa karyewa ba ne da ya faɗa."

Nas ta juya ga bango tana tari. Likitar ta ciji leɓe, ta ce ya motsa yatsu. Ya motsa, duk biyar suka amsa. Matarsa kuwa dariya ta yi ta yi har mota.

Washegari da safe ya rataya farar rigarsa a kafaɗa ya shiga aji, ɗaliban tiyatar ƙashi suka miƙe tsaye, ya ɗaga musu hannun da ke naɗe da bandeji ya ce daga yau kada ya ƙara jin maganar sauron nan da ya shekara talatin yana koya musu.